Na gama maganin gyambon ciki, awa nawa zan jira kafin in sha giya?

Tambaya

Ni magidanci ne mai shekara 38. Na daɗe ina fama da ƙwannafi da zafin ciki, da aka yi gwaji sai aka ce gyambon ciki ne, kuma an ga ƙwayar cutar H. pylori. Likita ya ɗora ni a kan magani iri uku na kwana 14, wato amoxicillin da metronidazole da omeprazole. Da safiyar yau na shanye biyun farko, omeprazole kuwa an ce in ci gaba da shi na wata guda. Abin da kunya ta hana ni faɗa wa likita shi ne ina shan giya, kwalba 3 ko 4 kusan kowane dare, yau shekara 6 ke nan. Mai ba da magani ne ya ce kada a haɗa da giya, sai na daina cak. Kwana ukun farko ban iya barci ba, hannuna yana rawa, ina ta zufa, na ɗauka ƙarfin maganin ne. Yanzu na ji sauƙi sosai. Abokaina sun ce mu haɗu gobe da dare. Ɗaya ya ce da zarar an haɗiye ƙwayar ƙarshe shi ke nan, wani kuma ya ce sai bayan mako biyu. Don Allah ba wa'azi nake nema ba, so nake in san awa nawa zan jira.

Amsa

Ɗan'uwa, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce ba wa'azi kake nema ba, kuma ba zan yi maka shi ba, domin magidanci mai shekara 38 ya riga ya ji duk abin da ake faɗa game da giya tun kafin ya kai kwalbar farko bakinsa. Lissafin awa ka tambaya, kuma da shi zan fara. Sai dai ina roƙonka ka karanta har ƙarshe, saboda a tsakiyar wasiƙarka ka ambaci wani abu a gurguje wanda a wurina ya fi tambayar kanta nauyi.

Zaman gobe da dare ya yi wuri. Cikin magunguna ukun da ka lissafa, metronidazole, wanda mutane da yawa suka fi sani da sunan Flagyl, shi ne wanda ba ya ga-maciji da giya. Hukumar kiwon lafiya ta Birtaniya, NHS, tana cewa a ƙaurace wa giya muddin ana shan sa, sannan a ƙara kwana 2 cur bayan ƙwayar ƙarshe. Takardar bayanin da ke rakiyar maganin a Amurka kuwa kwana 3 ta ce aƙalla. Kai da ka haɗiye ta ƙarshe da safiyar yau, daga nan zuwa gobe da dare awa 36 ne ko kusa da haka, ka ga ko ƙaramin wa'adin ba ka cika ba. Abokinka na farko ya yi kuskure, kuma kuskure ne da ya yaɗu, domin mutane suna ɗauka cewa ranar da kwali ya ƙare, ranar magani yake barin jiki.

Magani ba ya fita daga jini lokaci ɗaya kamar an tsiyaye ruwa. Hanta ce take sarrafa shi a hankali, ƙoda kuma ta fitar da abin da ya rage ta fitsari. A jikin mai lafiyayyar hanta, metronidazole yakan ɗauki kimanin awa 8 kafin ya ragu zuwa rabi a cikin jini, bayan wasu awa 8 ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, kuma sai an yi wannan raguwar sau biyar, wato wajen awa 40, sannan a ce ragowar ba ta taka kara ta karya ba. Wannan lissafin shi ya sa wa'adin awa 48 yake da ma'ana. To amma lissafi ne na mai lafiyayyar hanta, domin wanda hantarsa ta jigata maganin ya fi daɗewa a jikinsa. Mutumin da ya shekara 6 yana shan kwalba 3 ko 4 a dare, kuma ba a taɓa auna lafiyar hantarsa ba, ba ni da hujjar ba shi ƙaramin wa'adi. Idan maganar metronidazole kaɗai ake yi, awa 72 ne mafi ƙarancin abin da zan yarda da shi.

Ya kamata ka san abin da ake gudu. Idan giya ta shiga jiki, hanta takan fara juya ta zuwa wani sinadari mai guba da ake kira acetaldehyde, sannan nan da nan ta sake juya shi zuwa wani abu marar lahani da jiki zai iya ƙonawa. Idan wani magani ya tare wannan mataki na biyu, gubar takan taru a jini, kuma cikin mintuna kaɗan mutum ya fara ji a jikinsa: fuska da wuya su ɗau zafi, kai ya riƙa sarawa, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, ciki ya murɗa, amai ya biyo baya, wani lokaci jini ya sauka har mutum ya yanke jiki ya faɗi. A shekarar 1948 wasu masu bincike biyu a ƙasar Danmak, Erik Jacobsen da Jens Hald, suka bayyana wannan hali game da wani magani mai suna disulfiram, bayan sun gwada shi a jikinsu kuma giya ta galabaitar da su. Daga baya aka mayar da shi maganin hana shan giya, don ya sa mai sha ya ƙyamace ta. Alamomin da ake bayar da rahotonsu a kan masu haɗa metronidazole da giya irin waɗannan ne.

Na taɓa ganin irin haka da idona a wurin aiki. Wani matashi ne da aka ba metronidazole saboda kumburin haƙori, ya ga kumburin ya saɓe, ya ce ya warke, ya sha kwalba biyu a daren da ya haɗiye ƙwayar ƙarshe. Da aka kawo shi rigarsa ta jiƙe sharkaf da zufa, idanunsa sun yi jawur, ya rungume bokiti da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma ya dafe ƙirji yana cewa zuciyarsa za ta fito. Ya samu sauƙi kafin gari ya waye, amma shi cikinsa lafiyayye ne. Kai kuwa akwai miki a naka, kuma amai mai ƙarfi na tsawon dare a kan mikin da bai gama haɗewa ba abu ne da ba na so ka gwada.

Akwai saɓani tsakanin masana a kan wannan batu, kuma adalci ne in faɗa maka. Wasu gwaje-gwajen da aka yi ba su ga gubar nan ta ƙaru a jinin waɗanda suka haɗa metronidazole da giya ba, kuma ba kowa ne yake kamuwa da waɗannan alamomin ba. Shi ya sa za ka iya samun wanda zai rantse maka cewa ya haɗa su bai ji komai ba, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Duk da haka kamfanonin da ke yin maganin da hukumomin lafiya ba su janye gargaɗin ba, domin babu hanyar sanin wanda abin zai faɗa wa kafin ya faɗa masa, kuma ƙarin haƙurin kwana 3 ba zai cutar da kai ba, tunda ka riga ka daina.

Saboda sauran masu karatu da ke da irin tambayarka a kan wasu magungunan, bari in ɗan faɗaɗa. Magungunan kashe bakteriya ba hali ɗaya gare su ba. Tinidazole ɗan'uwan metronidazole ne, ya fi shi daɗewa a jini, don haka awa 72 ake cewa a jira bayan an gama shi. Wasu allurai kamar cefotetan da cefoperazone su ma suna haddasa irin wancan tashin hankali idan suka haɗu da giya, haka ma co-trimoxazole, wato Septrin, ko da yake nasa ba kasafai yake faruwa ba. Linezolid kuwa idan ya haɗu da giyar da aka tsima yana iya sa jini ya hau farat ɗaya. Doxycycline yakan fita da wuri daga jikin wanda ya daɗe yana shan giya sosai, har ƙarfinsa ya ragu. Magungunan tarin fuka, musamman isoniazid da rifampicin da pyrazinamide, suna ɗora wa hanta nauyi na tsawon watanni, kuma wanda ya ƙara mata giya a kai yana wasa da ransa. Azithromycin sau da yawa na kwana 3 ake sha, amma yana ci gaba da zama a jiki kwanaki da yawa bayan nan. Amoxicillin da ka sha, shi kam ba a san shi da wata rigima ta kai tsaye da giya ba, kuma cikin kwana guda ya bar jiki. Abin da ya haɗa su duka shi ne, giya tana ƙara tashin zuciya da gudawa da jirin da magungunan suke kawowa, tana ɓata barci, tana busar da ruwan jiki, kuma tana raunana garkuwar jiki a daidai lokacin da yake fafutukar murmurewa. A kula kuma da cewa wasu magungunan tari na ruwa da wasu magungunan kurkure baki suna ɗauke da barasa, don haka mai shan metronidazole ya duba jikin kwalba kafin ya yi amfani da su.

Yanzu mu dawo kanka, domin ko da awa 72 sun cika, tsugune ba ta ƙare ba. Magungunan da ka shanye aikinsu shi ne kashe ƙwayar cutar, ba su ne suke haɗe mikin ba. H. pylori bakteriya ce da take zama a cikin yauƙin da ya lulluɓe bangon ciki, tana raunana shi har ruwan narkar da abinci mai tsami ya samu hanyar cin naman da ke ƙasa. Likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su ne suka gano alaƙarta da gyambon ciki a farkon shekarun 1980, abin da ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2005. Ko an kashe ƙwayar a yau, ramin da ta bari yana buƙatar mako 4 zuwa 8 kafin ya cike, kuma wannan ne dalilin da ya sa likitanka ya ce ka ci gaba da omeprazole, wanda yake rage tsamin ciki don mikin ya samu sararin warkewa. Sauƙin da kake ji yanzu, kaso mai yawa daga cikinsa aikin omeprazole ne: ya kwantar da zafin, amma mikin yana nan a ƙarƙashi. Giya kuwa tana ƙona bangon ciki kai tsaye, tana kumbura shi, tana sa shi saurin zubar da jini. Wanda yake da miki a ƙafa ba ya zuba masa abin da zai ƙona shi don kawai ya daina zogi, kuma bambancin naka da wancan shi ne naka ba a ganin sa da ido.

Akwai kuma wani tarko da nake yawan ganin mutane suna faɗawa. Mutum ya sha da dare, ya wayi gari kansa yana sarawa, sai ya miƙa hannu ya ɗauko maganin ciwon kai. Idan ibuprofen ne ko diclofenac ko aspirin, to ya ɗauko abin da ke kan gaba wajen haddasa gyambon ciki bayan H. pylori, domin irin waɗannan magungunan suna rage kariyar da bangon ciki yake yi wa kansa. Giya da dare, ibuprofen da safe, a kan mikin da bai kai wata guda da fara jinya ba, ita ce hanyar da mutane da dama suke bi su isa asibiti suna aman jini. Ka nisanci waɗannan ukun sai da izinin likita. Paracetamol ya fi sauƙi a kan ciki, amma shi kuma hanta yake taɓawa idan aka wuce ƙima, kuma mai yawan shan giya ya fi kowa kusa da wannan haɗarin.

Kada ka manta da gwajin tabbatarwa, domin ba kullum ne maganin yake kashe ƙwayar a zagayen farko ba, musamman yanzu da ta fara bijire wa wasu magungunan. Ana yin gwajin da numfashi ko da bayan gida, aƙalla mako 4 bayan gama maganin kashe bakteriya, kuma bayan an dakatar da omeprazole na mako 2, in ba haka ba sakamakon yana iya nuna babu alhali akwai. Gwajin jini ba ya amfani a nan, saboda yana ci gaba da nuna alamar ƙwayar tsawon lokaci ko da ta mutu. Idan ka haɗa watan omeprazole da mako biyun hutu, za ka ga cewa mako 6 ne tsakaninka da ranar da za a iya ce maka ka rabu da cutar. Abokinka na biyu da ya ce mako biyu ya fi na farko kusa da gaskiya, amma shi ma bai kai ba. Cikin wannan lokacin, idan ka ga bayan gidanka ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, ko ka yi amai da jini, ko ciki ya ɗau ciwo mai tsanani farat ɗaya ya ƙage, ko idanunka suka yi rawaya, ko gudawa mai ruwa ta ƙi tsayawa, kada ka jira gari ya waye, ka tafi asibiti.

Na zo kan abin da na ce ya fi tambayarka nauyi. Ka ce kwana ukun farko ba ka yi barci ba, hannunka yana rawa, kana zufa, kuma ka ɗora laifin a kan magani. Ina ganin ba maganin ba ne. Abin da metronidazole ya saba kawowa shi ne ɗanɗanon ƙarfe a baki, tashin zuciya, rashin son abinci, wani lokaci fitsari ya yi duhu, kuma waɗannan sukan bi mutum muddin yana shan ƙwayar. Naka kuwa sun zo ne daidai lokacin da ka ajiye kwalba, suka tafi bayan kwana uku alhali kana da sauran kwana 11 na magani a gabanka. Wannan ita ce siffar abin da ke samun jikin da ya saba da giya idan aka yanke masa ita. Alamomin sukan fara tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan kurɓin ƙarshe, su yi tsanani a kwana na biyu da na uku, sannan su lafa kafin mako ya zagayo.

Dalilinsa shi ne, giya tana danne aikin ƙwaƙwalwa, ita kuma ƙwaƙwalwa idan aka daɗe ana danne ta kowane dare sai ta ƙara wa kanta ƙaimi don ta ci gaba da aiki. Kamar mutum biyu ne suke tura ƙofa ɗaya, wannan daga ciki wancan daga waje. Idan ɗaya ya janye ba zato, ɗayan zai afka da duk ƙarfin da yake turawa da shi. Rawar hannu da zufa da rashin barci su ne wannan afkawar. A wurin wasu abin yakan wuce nan, ya kai ga jijjiga irin ta farfaɗiya cikin kwana biyun farko, ko ruɗewar hankali da gane-gane da zazzaɓi a kwana na uku ko na huɗu, wanda idan ba a kula da shi a asibiti ba yana iya kisa. Ka ratsa wannan wuri kai kaɗai, ba tare da ka san inda kake takawa ba, kuma ka fito lafiya. Da na karanta wannan layin na wasiƙarka sai da gabana ya faɗi, daga baya kuma na yi murna.

Na yi murna ne saboda abin da kake riƙe da shi a yau ba ƙarami ba ne. Mutane da yawa da suke son rabuwa da giya, waɗannan kwanaki uku zuwa bakwai na farko su ne suke gagarar su shekara da shekaru, kai kuwa ka riga ka wuce su, har ka ƙara mako guda a kai. Idan ka koma gobe, ko jibi, ko bayan awa 72, abu biyu ne suke jiran ka. Na farko, jikinka ya rage juriyar da yake da ita, don haka kwalba 4 da kake sha kana tafiya da ƙafarka a da, yanzu za su iya kayar da kai. Na biyu kuma, wanda ya fi damu na, shi ne jikin da ya taɓa yin rawar nan yakan koma gidan jiya da sauri, kuma duk lokacin da aka sake dainawa cak bayan an koma, alamomin sukan fi na baya tsanani. Wato idan wata rana aka sake ɗora ka a kan magani, ko aka kwantar da kai don tiyata, ka daina farat ɗaya kamar yadda ka yi wannan karon, babu tabbacin cewa abin zai tsaya a rawar hannu.

Bari in sa maka yawan abin da kake sha a ma'auni, don ka gan shi kamar yadda likita zai gan shi. A Birtaniya ana lissafin giya da awo, kowane awo ɗaya mililita 10 ne na zallar barasa, kuma shawarar hukumominsu ita ce kada babban mutum ya wuce awo 14 a mako. Kwalbar giya mai mililita 500 da ke da barasa kashi 5 cikin 100 awo 2.5 ce. Kwalba 3 a dare awo 7.5 ke nan, ka ga dare biyu kacal sun cinye na mako guda har da ɗoriya, kuma wanda ya yi haka dare bakwai ya wuce awo 50, mai kwalba 4 kuwa ya kai 70. Ko awo 14 ɗin ma ba tabbacin tsira ba ne, domin a farkon 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce babu wani adadi na giya da za a kira marar haɗari ga lafiya, kuma tun 1988 cibiyarta ta binciken cutar daji ta sa giya a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar. Abin da zai ƙarfafa maka gwiwa shi ne hanta tana da saurin yafiya a matakin farko. Kitsen da giya take tara mata yakan narke cikin makonni zuwa 'yan watanni idan aka daina, matuƙar ba a kai matakin da ta yi tabo ta ƙanƙance ba, wanda shi ba ya komawa.

Shawarata ke nan a fili: kada ka sha komai har sai an yi gwajin tabbatarwa an ce ƙwayar ta mutu, kuma ka yi amfani da waɗannan makonni shida ka tambayi kanka da gaske ko akwai abin da za ka koma nema. Ka lura da yadda kake tashi da safe yanzu, da yadda abinci yake zama a cikinka, da yadda kake da mutanen gidanka da dare. Ba ni zan yanke maka hukunci ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma da ƙanena ne ya rubuto min wannan wasiƙar, cewa zan yi ya riƙe kwana 14 ɗin nan da hannu biyu, kada ya bari zaman dare ɗaya ya ƙwace masa su.

Game da abokanka, ba ka bukatar dogon bayani, kuma ba ka bukatar ƙarya. Har yanzu kana kan magani, akwai miki a cikinka, akwai gwaji a gabanka, kuma duk wannan gaskiya ne. Ka faɗa musu haka tun kafin lokacin haɗuwar ya yi. Ina ba ka shawarar kada ka je wurin zaman gobe ko da da niyyar shan ruwa kawai, domin kujerar da ka saba zama, da ƙarar buɗe kwalba, da warin da ka sani, suna tayar da sha'awa fiye da yadda mutum yake zato, kuma kwana 14 ba su isa su kashe sabon shekara 6 ba. Wanda yake son ganin ka zai iya zuwa inda kake da rana. Ka kuma tanadi abin da za ka yi a daidai lokacin da ka saba fita, saboda wannan sa'ar ce za ta fi yi maka tsawo. Idan akwai mutum ɗaya a gida ko a cikin dangi da ka amince da shi, ka sanar da shi halin da kake ciki, don ka samu wanda za ka kira idan zuciya ta fara raya maka cewa kwalba ɗaya ba za ta yi komai ba.

Abu na ƙarshe shi ne likitanka. Na fahimci kunyar da ta rufe maka baki, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma abin da ka faɗa masa amana ce da aikinsa ya hana shi fitarwa. Da ya san kana sha tun farko, da wataƙila ya zaɓi wani haɗin maganin da babu metronidazole a ciki, da kuma ya shirya maka yadda za ka daina ba tare da ka shiga haɗarin da ka shiga ba. Yanzu ma akwai abin da zai yi: zai auna aikin hantarka da yawan jininka, zai duba ko akwai ciwon hanta nau'in B ko C, wanda haɗuwarsa da giya take saurin lalata hanta, zai iya ba ka bitamin B1 da jikin masu shan giya yake yawan rasawa, kuma idan sha'awar ta matsa maka akwai magunguna kamar naltrexone da acamprosate da aka yi domin rage ta, tare da ƙwararrun da aikinsu ke nan su zauna da kai. Idan kuma ƙaddara ta sa ka koma sha kullum, kada ka sake dainawa cak kai kaɗai, ka je a taimaka maka ka sauka a hankali.

Kada ka jira ranar gwaji, ka nemi ganin sa cikin makon nan. Idan kana tsoron bakinka zai sake yin nauyi a gabansa, ka ɗauki takarda tun daga gida ka rubuta: kwalba 3 zuwa 4 kusan kowane dare, shekara 6, na daina kwana 14 da suka wuce, hannuna ya yi rawa kwana uku. Da ka zauna, ka miƙa masa ita kafin ka ce komai.